Ina neman asalin kakan mahaifina, wa ya san wani gari wai shi Balsash?

Ɗan Rafindadi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman taimako a kan wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Mahaifinmu ya rasu bara bayan babbar salla, Allah ya jiƙanshi, to da aka zo fitar da kayan ɗakinshi don rabon gado sai muka ci karo da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, makullinta ma ba wanda ya san inda yake sai ɓalle kwaɗon aka yi. A ciki akwai gafaka da Alƙur'ani rubutun hannu, da wani ƙaramin littafi na fiƙihu shi ma rubutun hannu wanda gara ta ci gefenshi, da rasit ɗin haraji guda uku, da takardar cinikin gidan da muke ciki mai hatimin alƙali, sai wata wasiƙa ta ajami da ta ninke har ta kusa rabewa huɗu. Yayyena ba wanda ya damu da su, kowa hankalinshi na kan gona da shago, ni kuma na ce a bar mani.

Duk kayan nan na kakan babana ne. Mutumin nan kowa a gidanmu ya san labarinshi amma ba wanda ya san shi. Malam Baƙo ake ce mashi, kuma ko yaro ya san wannan ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne mutanen unguwa suka sa mashi don ya zo baƙo ya zauna. An ce yana da makarantar allo a zaure, yana ɗinkin hula, ya auri 'yar mai unguwa, ya rasu tun kakanmu bai yi aure ba. Daga ina ya zo? Nan ake yin ta. Baffanmu ya rantse Babarbare ne daga Kukawa. Gwaggonmu da ke aure a Kaita, ita ce mafi tsufa da ta rage, ta ce ita dai Damagaram ta ji ana faɗi. Wasu danginmu kuma na Kofar Guga suna cewa Buzu ne ya biyo ayarin gishiri rashin lafiya ta kama shi aka bar shi a nan. Mutum ɗaya, asali uku.

Abin da ya sa na zo nan shi ne shafin ƙarshe na littafin nan. Ni larabcina bai wuce na Islamiyya ba amma na iya haɗa baƙi. Ya rubuta an gama littafin da godiyar Allah, da hannun marubucinshi Muhammadu, daga nan gara ta cinye wurin da sauran sunan da sunan ubanshi suke, kamar da gayya wallahi. Sai can ƙasa wata kalma ita kaɗai da jan tawada: ba, lam, sin, shin. Ni na karanta ta Balsash. Na ɗauka sunan garinsu ne. Wata uku kenan ina neman garin nan, na duba taswirar Google tun daga Borno har Chadi har Agadas, na tambayi direbobin da ke zuwa Maiduguri, na tambayi wani Buzu mai gadi a layinmu ya yi ta mani dariya, ba wanda ya taɓa jin shi.

Shi baffa har ya fara jin haushi, wai yawan tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, in bar mamaci ya huta. Ni kuma ɗana ne ya tambaye ni wai Abba mu 'yan ina ne, an ba su aiki a makaranta, na ce mu Katsinawa ne mana, ya ce to kafin nan fa, na rasa ta cewa.

To wa ya san Balsash? Ko kuwa tsohon suna ne da aka canza? Kuma in akwai wanda ya taɓa irin wannan binciken ya nuna mani ta inda ake farawa.

Almajirin Masanawa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi ya sa ya huta.

Ɗana ka daina wahalar da direbobi, Balsash ba gari ba ne, shekara ce. Ramzi ake ce mashi. Malamanmu na da in sun gama kwafar littafi ba kullum suke sa shekara da lamba ba, sai su harhaɗa haruffa su yi kalma, kowane harafi da adadinshi na hisabin abajada, shi ya sa ka gan ta ita kaɗai da jan tawada don a gane ba cikin zancen take ba. Sai dai ka kula, lissafin nan iri biyu ne. Akwai na mutanen gabas irin su Masar, akwai na Magariba irin su Maroko, kuma mu nan ƙasar Hausa da Borno na Magariba muke bi, kamar yadda rubutunmu da warash ɗinmu ma daga can suke. In ka ɗauko jadawalin intanet yawanci na gabas za ka samu, a can shin 300 ne sin 60, sai lissafinka ya ba ka 392 ka ce kakanka ya girmi ganuwar Katsina. A namu kuwa shin 1000 ne, sin 300, lam 30, ba 2. Haɗa ka gani, 1332 bayan hijira.

In kana so ka mai da ita ta Turawa, a kowace shekara ɗari ta hijira ka cire uku, wato ka cire 40 kenan daga 1332 saura 1292, ka ƙara 622, ka samu 1914. Shekarar ta kama ne daga ƙarshen 1913 zuwa ƙarshen 1914. Zamanin Sarki Dikko kenan, shekara takwas da hawanshi, tunda 1906 ya hau. Kuma duk tsohon da ya ji labari daga iyayenshi zai gaya maka wannan ita ce shekarar yunwar Kakalaba, damina ta ƙi a 1913, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa, daga Damargu da Damagaram, suna neman abin da za su sa a baki. To ka ga maganar gwaggonka ta ɗan samu ƙafar tsayawa.

Amma kar ka yi saurin yanke hukunci. Ramzin ya gaya maka yaushe aka aje alƙalami ne kawai, bai gaya maka a ina aka aje shi ba. Yana iya yiwuwa a Katsina ya rubuta, yana iya yiwuwa da abinshi ya zo a gafaka. Ni ma zuciyata ta fi ba ni da abinshi ya zo, don mai gudun yunwa ba ya da natsuwar zama kwafar littafi, balle kuɗin takarda.

Zancen Barebari kuma, ka san a da duk wanda ke son Alƙur'ani ya zauna mashi gabas yake tafiya, ya yi shekara bakwai ko goma a tsangayun Borno, ya dawo da harshenshi ya ɗan juya da hannun rubutu irin nasu. Mutanen unguwa ba ruwansu, Malam ya zo daga gabas, jikoki su ji su ce Babarbare ne. Na san gidaje a nan cikin birni da haka ta faru da su. Ba na ce baffanka bai da gaskiya ba, don Rabe ya ci Kukawa a 1893 mutanenta suka watse ko'ina, yaro ɗan shekara goma a lokacin zai zama magidanci a 1914, lissafin bai ƙi ba. Ka kai Alƙur'anin wajen alaramma wanda ya yi zaman gabas, kallo ɗaya zai yi ya ce maka hannun Borno ne ko ba shi ba. Ka kuma ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana, in ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikin takardar to irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Tarabulus, ita aka fi rubutu da ita kafin takardun kanti su cika gari.

Kar ka sa mata salatif, kar ka kai a manne ta da roba mai zafi. Hoto kawai da waya, ka mai da ita gafaka.

Ɗan Rafindadi:

Innalillahi. Allah ya gafarta malam wallahi na yi dariya ni kaɗai a shago har yarona ya zaci wani abu ne ya same ni. Wata uku ina neman shekara a taswira! Ashe Buzun nan da gaskiyarshi. Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Maganar robar nan kuma ta zo a makare kaɗan, rasit ɗaya na riga na kai wani shagon fotokwafi sun manne shi kuma zafin ya sa tawadar ta dushe, saura biyun dai na tsira da su. Na ɗaga takardar a rana yanzun nan, akwai watan guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami.

Maman Ummi KT:

Sannu da ƙoƙari ƙanena. Ni ban san hisabi ba amma bari in gaya maka ta inda na san sunaye ke ɓacewa a gidajenmu, don ni na sha wannan da nawa dangin.

Ba gara kaɗai ta ci sunan kakanka ba, kunya ma ta ci. Matarshi ba za ta taɓa faɗin sunanshi ba har ta mutu, sai dai Malam ko shi. Matan 'ya'yanshi ba za su faɗa ba, suruki ne. 'Ya'yanshi ba za su faɗa ba. In ma wani a unguwa mai irin sunan ne sai a sake mashi wani. To a haka jikoki za su tashi ba su taɓa jin sunan a bakin kowa ba, shekara hamsin sai ya bi ruwa. Amma fa sunan bai fita gidan ba, ɓoye shi aka yi a jikin wani yaro. Ka duba cikin yayyen babanka da 'ya'yan 'yan'uwan kakanka, wa ake ce ma Abba, ko Baba, ko Baban Gida, ko Malam Ƙarami tun yana jariri? Wannan shi aka yi ma takwara, shi ya sa ba a kiran sunanshi. Ka nemo sunan da liman ya raɗa mashi ran suna, to ka samu sunan tsohon. In ma ya rasu katin zaɓenshi ko takardar filinshi na nan wajen 'ya'yanshi. Kuma Muhammadu da ka gani ai rabin suna ne, ka san namu, Muhammadu Sani ne ko Bello ko Lawal ko Inuwa, na biyun shi ne sunan. Haka kuma ɗan farin shi Malam Baƙon, akwai yiwuwar sunan ubanshi da ya baro can ya sa mashi, ka ga ka samu biyu kenan.

Sai zuwa wajen gwaggo. Dan Allah kar ka je mata kamar ɗan jarida ka dasa mata waya a baki kana daga ina ya zo, wace shekara. Tsohuwa ba ta san shekara ba kuma in ta ga kana rubutawa za ta tsuke. Ka tafi da goro da turare da ɗan sabulu, ka kwana, ka bari sai bayan isha'i an shimfiɗa tabarma. Ka tambaye ta abin da ba ya kama da tambaya. Wane irin tuwo matarshi ke cewa yana so, gero ko dawa, yana shan shayi irin na Buzaye ko a'a. Wace irin tsaga ke fuskarshi, ko an yi ma kakanku irinta. Su wa gidanku ke wasa da su, don wasan nan ba ya ƙarya, in Fulani na shigowa gidanku suna tsokana suna neman kuɗin shara to akwai Barebari a jikinku, in Nufawa ne to kun narke cikin Katsinawa tun tuni. In an yi biki me maroƙa da zabiya ke cewa in sun zo kan gidanku, sau da yawa sunan gari na maƙale a cikin kirari mutane na ji kullum ba su lura ba. Da kuma su wa ke zuwa gaisuwa daga nesa in an yi mutuwa, wanda yara ba su san dangantakar ba.

Kuma ka yi sauri, wannan shi ne babba. Ni na ce sai bayan azumi zan je wajen innar babana a Rimi, ban same ta ba.

Bakatsine Na Asali:

Hhhh ni dai abin da na lura duk wanda ya tashi binciken asali a garin nan ƙarshenta sai ya gano shi sharifi ne ko jikan wani sarki da aka kora, ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce kakana kuturu ne mai bara a bakin kasuwa ba. Malam ka yi gwajin jinin nan na DNA da ake aikawa waje kawai ka huta.

Maman Ummi KT:

Gwajin zai ce mashi shi ɗan Afirka ta Yamma ne, to da can ce maka aka yi daga Chana yake tunanin ya fito? Sunan ƙauye yake nema.

Tsohon Akawu:

Na jima ina karantawa, bari in sa baki ta fannin takardun hukuma tunda na ɗan yi zirga-zirgar nan lokacin da nake neman tarihin gundumarmu.

Da farko takardar cinikin gidan nan, ni a ganina ta fi littafin daraja a wajen abin da kake nema, kuma na ga ba wanda ya kula ta. Takardar alƙali ba ta rubuta laƙabi kaɗai, za ta ce wane ɗan wane ya saya daga wane ɗan wane, a gaban shaidu wane da wane, iyaka da gidan wane ta gabas. Wani lokaci ma magatakarda kan liƙa ma baƙo nasabarshi, albarnawi ko makamancin haka. Ka kai ma wanda ya saba karanta takardun kotu na da, don hannunsu daban ne da na littafi, a gurguje suke yi. Ka lura da shaidun sosai. Baƙo in zai sayi gida mutanen garinsu yake kira su tsaya mashi, ko fatoman da ya sauke shi, to in ka gane gidan shaidun a yau wataƙila su sun riƙe abin da ku kuka manta. Rasit ɗin haraji kuwa ba zai ba ka asali ba, amma zai nuna maka shekarun da yake raye da sunan mai unguwar da ya karɓa, in ka ga shekarar da sunan kakanka ya maye nashi ka san wajen lokacin rasuwarshi.

Sai Kaduna. Akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna. A nan gida akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha, da gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Abin da mutane ba su sani ba su yi ta neman fayil a inda ba ya nan shi ne Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934. Kafin nan tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, daga nan aka mai da ita ƙarƙashin Zariya. To shekarun da kake nema, wajen 1914, takardunsu da yawa cikin na Kano za ka same su. Kuma Turawan farko Katsena suke rubutawa, sunayen ƙauyuka ma kowane Di'o da yadda kunnenshi ya ji, kar ka tsaya kan rubutu ɗaya.

Amma in gaya maka gaskiya kar ka sa rai da yawa. Bature ba ruwanshi da malamin zaure mai ɗinkin hula. Rahotannin kimanta haraji za su gaya maka gunduma kaza mutum nawa, kabilu nawa, masaƙa nawa, marina nawa, shanu nawa, daga ina mutanen ƙauye kaza suka ce sun taso, sunayen da ke ciki na hakimai ne da dagatai. Za ka fahimci zamanin da ya shigo, ba za ka ga sunanshi ba sai in ya yi shari'a ko an ɗauke shi aikin En'e. Inda talaka ke fitowa da sunanshi shi ne rajistar kotun alƙali, rabon gado da bashi da saki da fansa.

Na ce fansa da gangan. Ba ina nufin komai da gidanku ba, amma duk mai wannan binciken ya kamata a gaya mashi tun kafin ya yi nisa. In ka ga gida na da labarin asali uku kuma manya na hana tambaya, wani lokaci mantuwa ce kawai, wani lokaci kuma rufi ne aka yi da gangan. Shekarun nan su ne na mutuwar bauta a ƙasar nan, dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, manya kuma suka riƙa fansar kansu ta murgu, wato biyan ubangida kuɗi kaɗan-kaɗan, a gaban alƙali ana ba su takarda, ba a soke abin gaba ɗaya ba sai 1936. Mutane da yawa sun bar inda aka san su, suka koma inda ba a san su ba, suka zama Baƙo. Wanda ke kwafar littafin fiƙihu da hannunshi da wuya ya zama wannan ne labarinshi, amma akwai mai gudun bashi, akwai wanda aka kayar a neman sarauta, akwai mai gudun aikin tilas na Faransa, akwai Buzayen da suka gangaro bayan yaƙin da jagoransu Kawusan ya yi da Faransa a 1916 da 1917. Ka dai shirya zuciyarka, kuma abin da ka samo ba naka ba ne kai kaɗai, akwai 'yan mata a dangi da ba su yi aure ba, ka san halin mutanenmu da bincike in an zo neman aure. Kafin ka watsa a gurup ɗin WhatsApp na family ka fara zama da baffan nan naka.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Katsina, ina gaida ku daga wanga ɓangare. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. In tsohuwa ta ce Damagaram kar ka ɗauka birnin Zinder take nufi dole, ƙasa ce babba, Mirriya da Magarya da Matamaye da Kance duk mutum na iya cewa Damagaram ya fito. Kuma lokacin da kake magana iyakar ma sabuwa ce, tsakanin 1906 da 1908 anka bi anka kafa alamunta, mutane ba su ɗauke ta komai ba, wanda ya taso daga can zuwa Katsina ko Daura bai san ya canza ƙasa ba, ya dai san ya bar hannun Faransa ya koma hannun Ingilishi inda anka ce da sauƙi.

Mu nan rabinmu in ka tona Katsina za ka tarar, tun da Haɓe sunka baro birni bayan jihadi sunka kafa nan, to ku kuna neman naku a wajenmu mu muna neman namu a wajenku. Takardu kam kar ka dogara da su ƙwarai a nan, tsohon garin Maraɗi ma ruwa ya ci shi a 1945 sai da anka tashe shi anka maido bisa tudu. Abin da ke aiki shi ne ka samu suna da sunan uba da sana'a, ka tafi fadar sarkin garin ko gidan liman, ka ce kai jikan wane ne da ya tafi kudu shekarar yunwa bai dawo ba. Gidajen malamai ba su mance wanda ya tafi da littafi. In ka samu sunan gari ka yi mani magana, ina da abokan kasuwa da ke bin hanyar Matamaye duk sati.

Wasiƙar ajamin fa? Ba ka ce komai a kanta ba, ai wasiƙa daga wani wuri anka aiko ta.

Ɗan Rafindadi:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana goma. Na gode ƙwarai, kowa Allah ya biya shi, har Bakatsine Na Asali da ya ce kuturu, in ma shi ne ai namu ne.

Ga inda aka kwana. Hajiya Maman Ummi dabararki ta yi aiki tun kafin in bar gida. Babban yayan babanmu da ya rasu tun ina firamare Baban Gida ake ce mashi, ban taɓa tunanin yana da wani suna ba, na je wajen ɗanshi ya ɗauko mani tsohuwar takardar filinshi, Muhammadu Inuwa. Na kai takardar cinikin gida wajen wani dattijo da ya yi aikin kotu, ya sa tabarau ya karanta, mai saye Muhammadu Inuwa ɗan Abdullahi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, takardar nan shekara nawa tana ƙarƙashin gadon da nake zama a kai in gaida baba. Kuma kakanmu, ɗanshi na fari, sunanshi Abdullahi ana ce mashi Abba. Ba a sa mashi nasabar ko'ina ba a takardar, amma ɗaya daga cikin shaidu an rubuta shi da mai kanwa. Alaramma kuma ya duba Alƙur'anin ya ce hannun gabas ne ba shakka, to baffa ya samu abin riƙewa, har ya ɗan sauko ya ce ai dama ya faɗa.

Wasiƙar ɗan'uwa Ɗan Maraɗi, farkonta ya goge, inda ake sa daga wane zuwa ga wane. Abin da ya fito gaisuwa ce da sanar da rasuwar wata Inna, da cewa gonarka tana hannun ƙaninka in za ka dawo ka dawo. Ba sunan gari. Amma mai gona da ƙane da ake roƙo ya dawo ka ga ba wanda aka jefar a hanyar ayari ba ne.

Na je Kaita na kwana biyu. Daren farko ba ta ce komai ba sai labarin tsadar gero da ciwon ƙafarta. Dare na biyu na ce Gwaggo wai mu me ya sa ba mu da tsaga, sai ta ce ai shi ya hana, yana da tashi a fuska amma ya ce ma wanzami kar a taɓa mashi 'ya'ya, cire beli kawai. Na ce irin wace tsaga, ta ce ita ba ta same shi ba ina za ta sani. Can kuma ita da kanta ta ce tana yarinya akwai wani tsoho da ke zuwa duk kaka da jakai da kanwa, ya sauka a zaurenmu ba ya biyan ko kwabo, babansu na ce mashi Baffa, yara na tsokanarshi suna ce mashi na Kance. Na ce Kance ta Nijar? Ta ce ita ba ta san Nijar ba, Kance dai. Na ce to me ya hana shi Malam komawa ga gonarshi, sai ta yi shiru ta ce dare ya yi.

Da safe da zan tafi ta ce in dawo ran Juma'a in zo da baffa, wai ba ta faɗin wannan sau biyu kuma ba ta faɗi ba ya wurin. Baffa ya ce zai duba. Ɗan Maraɗi na tura maka lambata ta akwatin saƙo, a fara tambaya a gidan limamin Kance ko akwai zuri'ar wani Abdullahi da ɗanshi Inuwa ya tafi karatu gabas.